Na kama ɗaki a intanet da rangwame, otal ya ce kuskure ne: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Matafiyi: Assalamu alaikum jama'a. Makonni uku da suka wuce na kama ɗakin kwana huɗu a shafin wani otal, farashin ya kai kusan rabin wanda na saba gani. An cire kuɗin daga katina, imel ya shigo da lambar shaida, na saki jiki na sayi tikitin jirgi irin wanda ba a mayar da kuɗinsa. Bayan kwana tara sai ga saƙo, wai ma'aikacinsu ne ya yi kuskure, ko in cika ragowar ko su soke. Dole ne su ba ni ɗakin, ko dole ce ta kama ni? Wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake son ji.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ni sai da na isa gaban kanta da yara da akwatuna aka gaya mini. Na nuna imel ɗin, na ce a kira manaja, ban ɗaga murya ba. Ya duba, ya ce laifinsu ne, ya bar mini a yadda na kama. Ina ganin ganin idona ya ji kunya, da ta waya ce da labari ya sha bamban.

Tsohon Ma'aikacin Otal: Malam Matafiyi, shekara shida na yi a ɓangaren kama ɗakuna, kuma ni da hannuna na taɓa tafka irin wannan. Sifiri ɗaya na bari a baya da daddare. Matsalar ita ce farashin ba a shafi ɗaya yake tsayawa ba, akwai manhajar da ke kwashe shi ta watsa wa duk shafukan dillalai cikin 'yan mintuna. Kafin gari ya waye an kama ɗakuna fiye da arba'in. Wani lokacin kuma ba sifiri ba ne: farashin ma'aikata ne ya fito fili, ko kuɗin wata ƙasa aka sa a madadin na wata, ko kuɗin mutum ɗaya ya zama na ɗaki gaba ɗaya.

Manajanmu ba littafin doka ya buɗe ba, lissafi ya yi. Masu kwana ɗaya ko biyu ya ƙyale su, domin ɓacin suna ya fi asarar tsada. Wani da ya kwashi ɗaki goma sha biyu shi kaɗai, nan take aka soke nasa. Ni kuwa takardar gargaɗi na samu. Ka koma ka karanta sharuɗɗan da ka danna ka amince da su, yawancin shafuka suna da layin da ke cewa kuskuren farashi bayyananne bai zama dole a kansu ba. Kalmar nan "bayyananne" ita ce wurin da za ka dafa.

Ɗalibar Shari'a: Ni ce irin mai ɗaki goma sha biyun nan, sai dai uku na kama. Na ga otal na alfarma a kuɗin da bai kai kashi biyar cikin ɗari na farashinsa ba, na san sarai ba daidai ba ne, na ce banza ta faɗi. Kafin awa shida aka soke, aka dawo mini da kuɗina. Na yi ta huci, sai daga baya a aji na gane ba ni da ta cewa.

A dokar ƙasashen da ke bin tsarin Ingila, abin da alƙali yake tambaya shi ne: mai saye ya san kuskure ne, ko ya kamata a ce ya sani? A 1939 an yi shari'ar Hartog da Colin & Shields kan fatun zomo 30,000. Mai sayarwa ya rubuta farashi a kan nauyi maimakon a kan kowace fata, alhali duk cinikin da suka yi a baya da ɗai-ɗai ake lissafi. Kotu ta ce mai saye ya gane, ya yi wuf ya cafke, don haka ciniki bai faɗa ba. Haka aka yi a Singafo: a 2003 wani shafi ya sa na'urar buga takardu ta dala 3,854 ta ƙasar a kan dala 66, mutum shida suka yi odar 1,606, kotu ta ƙi ba su. Yawan odar da kansa ya tona musu asiri.

Jamus tata hanyar daban ce. Sashe na 119 na kundin dokar farar hula ya ba wanda ya yi tuntuɓen alƙalami damar janyewa, amma sai ya yi ba tare da jan ƙafa ba, kuma sashe na 122 ya ɗora masa biyan asarar wanda ya dogara da maganarsa, in dai shi ma bai san da kuskuren ba. Yaya Matafiyi, naka ba irin nawa ba ne. Rabin farashi rangwame ne da otal-otal suke yi kullum idan baƙi sun yi ƙaranci, wa zai zarge ka da sani? Ga kuɗi sun karɓa, ga kwana tara sun yi shiru. Amma fa dokar ƙasar da otal ɗin yake da sharuɗɗan shafin su za a duba.

Ɗan Kasuwa: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Bara na kama ɗaki, yatsana ya zame na zaɓi watan gaba. Ko minti goma ba a yi ba na kira. Suka ce irin wanda ba a mayarwa ne, ko sisi ban gani ba. To kuskurena ni zan ɗauka, nasu ma ni zan ɗauka? Wanda ya sallama ya sallama. A 2009 wani otal na Crowne Plaza kusa da Venis a Italiya ya fito da ɗaki a kan santi 1 na Yuro, mutane fiye da 200 suka kama, kuma aka cika musu. Ashe ana iyawa.

Ɗalibar Shari'a: Alhaji, ana iyawa kam, amma ganin dama suka yi, ba kotu ce ta sa su ba.

Malamar Makaranta: Ni da aka roƙe ni yafewa na yi. Ƙaramin masauki ne, mai shi da kanta ta kira, muryarta na rawa, ta ce ɗanta ne ya shigar da farashin. Na tuna hadisin da ya kwaɗaitar da yarda a warware ciniki idan ɗaya ya yi nadama, na ce ta soke. Ita kuma ta rage mini wani abu da na sake kamawa. Da babban kamfani ne ya aiko mini da busasshen imel, ban ce zan yi haka ba.

Tsohon Ma'aikacin Otal: Malam, ƙari ɗaya: kada ka danna sokewa da hannunka, sai a rubuta cewa kai ka fasa. In su ke so, su soke a rubuce. Ka kuma haɗa musu da rasit ɗin tikitin. Ko kamfanonin jirage a Amurka, tun 2015 da hukumar sufuri ta sassauta musu kan kuskuren farashi, da sharaɗin su biya mutum abin da ya riga ya kashe saboda dogaro da tikitin ne. Wannan ƙa'ida ba ta shafi otal ba, amma hujja ce da manaja yake ganewa.

Matafiyi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta musu jiya, na haɗa imel ɗin shaida da rasit ɗin jirgi, na ce ban soke ba kuma ba zan soke ba. Da safen nan suka amsa: kwana biyu a farashin da na kama, biyun ƙarshe a cikakken farashi. Sun ba ni zuwa Alhamis. Ban amsa ba tukuna, ina so in sake tura musu saƙo kan sauran biyun.