Wai kyamarar waya za ta iya auna bugun zuciya bayan tirenin?

Koci Bala: Jama'a ni fa na daina wahala da bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya. Yara su gama gudu kowa ya kalli kyamarar waya na sakan 30, ta faɗi bugun zuciyarsa har da yadda tazarar bugu da bugu ke canzawa, ba a taɓa jikin kowa ba.

Anti Rabi nas: Haba koci, ta yaya hoto zai ji zuciya?

Auwal: Anti gaskiya ne wallahi. Duk bugu ɗaya jini na cika ƙananan jijiyoyin fuska sai launin fata ya ɗan canza, ido baya gani amma kyamara na kamawa, musamman a koren haske don jini na shanye shi sosai. Tun 2008 masu bincike a Kalifoniya suka nuna haka, ƴan jami'ar MIT ta Amurka ma suka yi da kyamarar kwamfuta a 2010.

Koci Bala: Kin ji ko Anti

Auwal: Tsaya koci ban gama ba, abin ya fi aiki in mutum na zaune shiru cikin haske mai kyau, shi kuwa yaronka ya gama zagaye fili yana haki kai na rawa gumi na ƙyalli a goshi ga magariba ta kawo jiki, me kyamara za ta gani? Kuma tazarar nan da milisakan ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, waya mai ɗaukar hoto 30 a sakan akwai milisakan 33 tsakanin hoto da hoto. Yawan bugu ƙila ta kusanta, tazara kam ban yarda ba.

Anti Rabi nas: Ga fatarmu kuma, baƙar fata na shanye haske sosai. Na'urar yatsa ma mai auna oksijin, wadda take manne da jiki, binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙen marasa lafiya kusan ninki uku. Abin nan na damuna sosai, ran yara ne fa.

Koci Bala: To Anti yara 22 gare ni bel ɗaya tak, kin san kuɗinsa yanzu? Ya zan yi?

Anti Rabi nas: Koya musu ɗora yatsa biyu a wuyan hannu, su ƙirga na sakan 15 su ninka sau 4, da tsayawa sannan bayan minti ɗaya. Wanda bugunsa ya ƙi sauka ko yake jiri ka turo shi asibiti.

Koci Bala: Ni dai ban saki wayar ba tukuna. Gobe zan ɗaura wa mutum biyar bel ɗin bi da bi, in haska su da waya lokaci guda, zan turo lambobin nan.