Albasar furannin da kakata ta dasa a kangon gidanmu: yaya zan gane su, yaya zan kwashe su?

Ɗiyar Bagalam ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin shuke-shuke a kan wata magana da ta hana ni sukuni kwanakin nan. Gidan kakarmu da ke unguwar Bagalam a garin Maraɗi ya zama kango tun bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, yanzu kuma magada sun sayar da shi, wanda ya saya ya ce nan da mako uku magina za su rushe katanga su fara haƙa harsashi. A bayan ɗakinta, inda randunan ruwa suke zama a da, akwai 'yar garka da ta yi shekaru tana wahala a kanta, kuma ta sha gaya mana cewa kakanmu ne ya kawo mata irin farko daga gidan wani Bature da yake yi wa ban ruwa, a shekarun da gari ya bar fadama ya hau tudu bayan ambaliyar 1945. Shekara shida ke nan babu wanda ya zuba wa wurin ko moɗa ɗaya, in ban da ɗan ruwan makwararar maƙwabta da ke jiƙa gefe guda, amma duk shekara sai furannin nan sun fito.

Abin da na iya tunawa iri huɗu ne. Akwai babba mai dogon ganye, wadda furenta fari ne da jan layi a tsakiyar kowane kunne, tana fitowa da ruwan farko. Akwai mai faffaɗan ganye kamar ɗamara, furenta ja mai kama da bakin kakaki. Akwai ƙanana masu ganye kamar ciyawa, waɗanda ke buɗe fure ruwan hoda kwana kaɗan bayan an yi ruwa mai yawa. Ta huɗun tana gindin katanga, tana fitar da dogon kara da 'yan mitsi-mitsin furanni tun lokacin bazara, kuma ban taɓa ganin kakata ta kula ta ba. Yanzu muna cikin watan Oktoba, ganye ya fara yin rawaya. Mene ne sunayensu, kuma in na tone su yanzu za su rayu?

Tsohon malamin gona daga Tarna:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan kakarki, Ya saka miki da alheri da kika tuna da abin da hannunta ya dasa. Bisa bayanin da kika yi, ta farkon ita ce muke kira albasar kwaɗi, masana tsirrai kuma suna sa ta cikin dangin Crinum. 'Yar ƙasa ce, tana fitowa da kanta a fadamu da wuraren da ruwa ke kwanciya, shi ya sa shekara shida ba ban ruwa ba su yi mata komai ba. Idan kina son ki tabbatar, ki duba yadda ganyen ya fito: nata yana zagaye wuyan albasar ne ta kowane gefe, kuma idan kika yage ganye ɗaya a hankali za ki ga wasu siraran zaruruwa kamar saƙar gizo suna miƙewa tsakanin ɓangarorin biyu.

Ta biyun baƙuwa ce, sunanta Hippeastrum, asalinta Kudancin Amurka, kuma ina kyautata zaton ita ce kakanki ya kawo daga gidan Baturen. Ganyenta jere biyu yake fitowa, dama da hagu, ba ya yin zare idan an yage shi, karan furenta kuma rami ne a ciki, saɓanin na albasar kwaɗi da yake a cike. Ita ce mafi rauni a cikinsu a yanayi irin namu, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, kuma a cikin wata huɗu kawai yake sauka. Da ba don makwararar nan da inuwar katanga ba, da wuya ki tarar da ita, saboda haka ita za ki fara ceto. Ƙananan masu ruwan hoda Zephyranthes ne, su ma daga nahiyar Amurka suka fito, kuma saukar ruwa bayan fari shi ke tayar da furensu.

Ta huɗun ba kakarki ta dasa ba, ina ganin albasar kura ce, wadda wasu ke ce wa albasar gizo. Ruwanta yana sa ƙaiƙayi a hannu, kuma tana da dafin da ke taɓa zuciya, mutum ko dabba. Ki bar ta inda take. Game da lokaci, a ƙa'ida an fi son a jira ganye ya bushe sarai, domin sai ya gama mayar da abincinsa cikin albasar sannan take shiga barcin rani da ƙarfinta.

Mai garka a Jiratawa:

Baba malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina neman afuwa in saɓa masa a kan maganar jira. Wanda magina za su shigo masa nan da mako uku ba shi da wani lokacin da ya fi yau, kuma ganyen da ya rage shi ne kaɗai zai nuna miki inda kowace albasa take kwance, in ya bushe iska ta kwashe shi sai dai ki yi ta tono a makance. Ƙanwata, ki fara da jiƙa wurin sosai yamma biyu a jere, domin ƙasar kango takan yi tauri, kuma a busasshiyar ƙasa saiwa karyewa take yi.

Abin da ya fi kashe albasar kwaɗi a hannun masu tono shi ne gaggawa. Tana nutsewa ƙasa ƙwarai, tsohuwa takan kai zurfin kamu guda, kuma mutum yakan ga wuyanta ya ɗauka ya iso, ya kama ganye ya ja, sai wuyan ya tsinke ya bar gindin a ƙasa. Rayuwarta duka tana cikin ɗan faifan nan mai tauri da ke ƙarƙashinta, inda saiwoyi suke fitowa. Albasar da ta rasa rabin jikinta tana iya warkewa, amma wadda ta rasa wannan faifan ta tafi ke nan. Saboda haka ki sa a ja da baya kamar taƙi biyu daga ganyen, a haƙa rami a zagaye ta da dagi, a shiga ta ƙarƙashi, sannan a ɗago ta da ƙasarta da fararen saiwoyinta masu kauri. Inda ƙarfe ya yanke ta, a barbaɗa tokar murhu, a ajiye a inuwa kwana biyu ko uku bakin ciwon ya bushe. Ita ba a adana ta kamar yadda muke adana albasar Galmi a rudu, a mayar da ita ƙasa cikin makon, a bar wuyanta a waje, a rage ganyen da rabi.

Jar kuwa ki dasa ta a tukunya ko rabin jarka da aka huda gindinta, cikin rairayin gulbi da aka gauraya da takin da ya riga ya ruɓe, ki bar kashi ɗaya cikin uku na albasar a sama. Ɗanyen taki yana kiran gara kuma yana ruɓar da ita. Ƙananan ki ɗebo su dunƙule guda da ƙasarsu, kada ki tsaya rarraba su. Ki kuma duba kewayen babbar da kyau, domin 'ya'yanta manya ne kamar goro, suna tsira a kan ƙasa inda suka faɗi, wataƙila ki samu ƙananan da suka fito a daminar bana.

Inna ta unguwar Zariya:

Ɗiyata, kafin dagi ya taɓa ƙasa, ki je ki nemi izinin wanda ya sayi gidan, ko ki tura kawunki ya yi masa magana, domin tun ranar da aka karɓi kuɗi ƙasar da abin da ke cikinta sun zama nasa. Ban taɓa jin wanda ya hana irin wannan ba, amma neman izinin shi ne daidai.

Ni na taɓa yin wannan aikin a gidan mahaifiyata, kuma rashin sani ya sa na yi asara. Na zuba albasar a leda na ɗaure, na ajiye a ɗakin kwano da niyyar dasawa idan an yi ruwa, da na buɗe bayan wata guda sai na tarar duk sun narke sun yi baƙi, har yau in na tuna raina yana ɓaci. In dole sai kin ajiye wasu, ki sa su a kwando ko buhun algarara, inda iska ke shiga. Kuma don Allah kada su kusanci madafa. Dukansu huɗun masu dafi ne, ba ta katanga kaɗai ba, ga shi kuma suna kama da albasar miya, yarinyar da aka aika ɗauko albasa ba za ta tsaya bambancewa ba. Hanyar ganewa ita ce hanci, domin babu wadda take da warin albasa a cikinsu. A kiyaye su daga awaki ma.

Shawarata ta ƙarshe, kada ki tara su a gida ɗaya. Ki raba wa 'yan uwanki biyu ko uku, in gara ta ci na wani, na wani yana nan. Kuma babbar takan yi fushi bayan an tayar da ita, tana iya shekara ɗaya ko biyu ba ta yi fure ba, kada ki ɗauka ta mutu ki tone ta.

Ɗiyar Bagalam ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Baba, Yaya da Inna, Allah Ya bar zumunci. Kawuna ya yi wa mai gidan magana, ya amince nan take, har ya ce a bar masa guda biyu zai dasa a ƙofar sabon ginin. Mun jiƙa wurin ranar Alhamis da Juma'a, jiya Asabar muka tona da ƙannena biyu. Babbar ta ba mu wuya, sai da ramin ya kai gwiwar ƙanena kafin muka ga ƙarƙashinta, kuma ashe ba ɗaya ba ce, uwa ce da 'ya'ya bakwai manne da juna. Ɗaya ta tsage, na sa mata toka tana inuwa. Jar guda uku kawai muka samu, a matse ƙarƙashin fasasshiyar randar kakata, biyu da tauri, ɗaya kuma gefenta ya yi laushi yana ɗan wari. Yaya mai garka, wannan mai laushin in yanke wurin da ya ruɓe in sa toka, ko in ware ta daban tukuna in ga yadda za ta yi?