Fin ɗin link na stabilaiza ya ƙi komawa ramin

Assalamu alaikum, masu hannu a harkar mota, a taimaka mini.

Tsohuwar Land Cruiser 80 nake da ita, da ita nake shiga gona a fadamar Rima wajen Wamakko. Stabilaiza, wato sandar ƙarfen da ke rage kwanciyar mota a kwana, na hana ƙafafun gaba sakewa a kwazazzabo, taya ɗaya ta rataya a sama tana juyawa a banza. Sai na sa mai walda ya cire noti da kusoshin link ɗin, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin sandar da motar, muka sa fin mai makulli, in zare a daji, in mayar kafin kwalta.

Zarewa ba wuya. Mayarwar ce bala'i. Ramukan ba sa haɗuwa sai mota na kan fili daidai, jiya sai da yara biyu suka yi ta girgiza ta ni kuma ina kwance cikin yashi da guduma. Yanzu ramin ya fara faɗi, fin ɗin na ƙwas-ƙwas ko a kan titin Kalambaina.

In fiƙe bakin fin ɗin, ko in sa bushi, wato zoben da ake cusawa cikin ramin ya rage faɗinsa? Kuma in na zare, ina zan ɗaure sandar kada ta goge tiyon birki? Ba na son hawa kwalta babu ita, motar na kwantawa sosai a kwana.