Muhawara: Keke zai iya gama bakin bargo yadda hannu ke gamawa?

Hajiya mai ɗinkin kayan gado, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jiya wata amarya ta dawo mini da bargon da na ɗinka mata, irin wanda ake haɗa ƙyallaye a sama, a sa faiba a tsakiya, a yi masa shafi a ƙasa, domin bakinsa ya buɗe a wuri uku bayan wanki biyu kacal. Da keke na gama shi, saboda biki ya matso. Shi ya sa nake kan bakana cewa bakin bargo ba aikin keke ba ne shi kaɗai. A ɗinka siririn ƙyallen da ke rufe bakin ta fuska ɗaya da keke, a naɗo shi a yi wa ɗaya fuskar dajiya da hannu, wannan ne aikin da ba a dawo wa mutum da shi.

Malam tela, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Kafin a ɗora wa keke laifi, ta wace fuska kika fara ɗinka ƙyallen bakin?

Hajiya: Ta gaba na fara, Malam. Na naɗe shi zuwa baya, sannan na bi tsagin ɗinkin farko ta gaba domin kada zare ya fito fili.

Malam tela: To, ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya bi tsagin nan ta gaba yana ɗinka abin da idonsa ba ya gani ne, domin gefen da yake so allura ta kama yana ƙasa, kuma idan ƙyallen ya zame ko da kaurin tsinke ne, allurar za ta wuce shi, ɗinkin ya yi kyau ta sama alhali ta ƙasa bai riƙe komai ba. Ni juya aikin nake yi. Ina yanka ƙyallen da faɗin inci 2 da rabi, in ninka shi biyu a tsaye in goge, in fara ɗinka shi ta bayan bargon da tazarar kwatan inci daga baki. Daga nan sai in naɗo shi zuwa gaba har ya rufe layin farko, in sake gogewa, in kama shi da fil, in bi gefensa daf da daf ina kallon inda allura take sauka. Bargon da za a riƙa wankewa ana murzawa ana shanyawa a igiya, ɗinkin keke mai zaren sama da na ƙasa ya fi dajiya riƙe shi.

Baba mai aikin hannu, cikin Birni: Malam, na ji bayaninka, amma ka tsallake abin da ke damun Hajiya ba ta faɗa ba. Hanyarka tana barin layin zare a kan bakin ta gaba, ta kuma bar wani layin a jikin shafi ta baya, wanda duk karkacewarsa mai saye zai gan ta. Mu da muka tashi a garin da aka sani da aikin babbar riga, mun san masu saye da bayan ɗinki suke fara dubawa. Dajiya mai kyau ba a ganin zarenta, kuma idan an yi ta ƙanana da zare mai ƙwari, ana ƙullewa jefi-jefi, ko ta tsinke a wuri ɗaya ba ta warwarewa duka.

Malam tela: Gaskiya ne, Baba, ta fuskar kyau ban ja da kai ba. Layin baya kuwa ina ɓoye shi da zaren ƙasa mai launin shafin. Sai dai bargo mai inci 90 a kowane gefe kewayensa inci 360 ne, wato yadi 10 cur. Wa zai biya Hajiya kuɗin wunin da za ta yi tana wannan dajiyar?

Ɗaliba mai koyon ɗinki, Samaru: Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Na gwada hanyar Malam a keken Butterfly na ƙafa, amma ƙyallen sama yana taruwa a gaban allura, kafin in kai kusurwa bakin ya yi tattara. Shin wannan ba hujja ba ce ga Hajiya?

Malam tela: 'Yata, haƙoran keke ƙasa kawai suke ja, ƙafar da ke danne ƙyallen kuwa tana riƙe na sama, saboda haka idan kauri ya yi yawa na ƙasa yakan riga na sama tafiya. Akwai ƙafa ta musamman mai nata haƙoran wadda ke jan na sama tare da na ƙasa, amma ko babu ita, ki sassauta nocin da ke saman kan keken domin ƙafar ta rage danniya, ki ƙara tsawon ɗinkin zuwa kamar milimita 3, ki sa allura mai lamba 16. Ki kuma ɗora nauyin bargon a kan tebur, kada ya rataya yana fizgar allura. A kusurwa ki tsaya saura kwatan inci, ki ƙulle, ki ɗaga ƙyallen bakin zuwa sama ya yi karkatar digiri 45, ki sake kwanto shi daidai da sabon gefen, sannan ki ci gaba.

Hajiya: Duk na ji, amma ko da hanyarka, Malam, ƙyallen da aka yanka a miƙe yakan cinye a daidai ninkin, domin zare ɗaya ne ko biyu suke kwance a wurin suna shan gogayya. Yankan bayas, da yake a karkace yake, zaruruwa da yawa ne suke raba wahalar, shi kuwa yana miƙewa a ƙarƙashin keke, hannu ne ke iya lallaɓa shi.

Malam tela: Bayas dole ne ga bargo mai zagayayyar kusurwa, a nan kin fi ni gaskiya. Amma miƙewarsa daga jan da ake yi masa ne, ba daga keke ba. A shimfiɗa shi kawai, kada a ja.

Hajiya: To, bargon amaryar yana hannuna. Zan farke bakin gaba ɗaya, in yi gefe biyu da hanyarka, gefe biyu da dajiyata, in roƙe ta ta kawo mini shi idan hunturu ya wuce.

Baba mai aikin hannu: Hajiya, ki tabbata zare iri ɗaya kika sa a duka gefe huɗun, kada Malam ya ce an yi masa maguɗi.