Wa ka kira mai gwanjo?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Daren jiya aka maido wuta da ƙarfi, tsohuwar kwamfutar da na mayar saba (ma'ajiyar fayiloli) da fayawol (mai gadin intanet) a gida ta ce ga garinku nan. Mai tsohon injin Intel Core 2 Duo ce, hotunan bikin ƙanwata da lissafin shago duk suna cikinta. Da na kwance ta, ƙurar hunturu ta yi wa fankar bargo, sai da na sa tsinken tsintsiya. Faifan dai ya tsira, alhamdu lillahi. Yanzu so nake na raba aikin biyu: ɗan akwatin kwamfuta mai injin Intel N100 na ɗora masa manhajar fayawol ta OPNsense, sabar kuma daban. Wanne kuke ganin zan saya? Amma gwanjo kam na yafe, babu tsaro a kayan gwanjo.

Alhaji Mai Laftof: Allah ya mayar da alheri. Amma gwanjo? Mu ne masu gwanjon ke nan? Kwamfutocin Dell OptiPlex da ThinkCentre nake kawowa, daga ofisoshin Turai ake sauke su, ko ƙwarzane babu. Gwanjo sai ka je Kasuwar Barci, can ake zuba riguna a ƙasa.

Ɗan Kawo: Alhaji, abin da wani ya more ya ajiye ai gwanjo ne, ko daga Landan ya zo.

Alhaji Mai Laftof: Tokumbo ake cewa, yaro.

Ɗan Kawo: Tokumbo Yarbanci ne ranka ya daɗe, fassararsa na yi maka.

Injiniya: Ku tsaya. Tsaro ba a sabunta ko tsufan kwali yake ba, a wajen wanda ke gyara ɓaraka yake. Bayan an bankaɗo ɓarakar tsaro ta injinan kwamfuta da ake kira Spectre da Meltdown a Janairun 2018, Intel ta fito ta ce wasu tsofaffin injina, har da dangin Core 2, ba za su samu gyara ba. Ba su ma da AES-NI, wato abin da ke hanzarta ɓoye bayanai, shi ya sa suke nishi da VPN. To OptiPlex mai injin Intel ƙarni na 8 da kamfaninsa ya yi shekaru yana fitar masa da sabon BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta), da sabon akwati marar suna da ba ka san wa ya rubuta BIOS ɗinsa ba, kuma ba wanda zai sake taɓa shi, wanne ya fi? In sabo kake so, nemi mai coreboot, wato BIOS ɗin da kowa zai iya duba rubutunsa, irin na kamfanin Protectli. Kuma ka duba ramukan wayar intanet su zama na Intel, na kamfanin Realtek ba sa shan inuwa ɗaya da FreeBSD, tsarin da aka gina OPNsense a kansa.

Alhaji Mai Laftof: Kun ji ko? Injiniya ya ce gwanjo ya fi.

Ɗan Kawo: Au, yanzu kuma ka yarda gwanjo ne?

Injiniya: Ni ban ce haka ba fa.

Oga Sola: Duk kun manta da wuta. Babbar kwamfuta in tana jan wat 60 dare da rana, a wata ta sha yunit 43. Akwatin N100 da wuya ya wuce wat 15, ƙaramar inbata ta riƙe shi har asuba. Kuma ba tsufa ne ya kashe ta Baban Hanifa ba, rashin sitabilaiza ne. Akwai a shagona.

Maman Sadiq: Oga, batirin da ka haɗa mana a Unguwar Rimi ma ai cewa ka yi sabo ne.

Oga Sola: Hajiya, wannan maganar ba ta nan ba ce. Kun haɗa masa firiza da dutsen guga.

Maman Sadiq: Dutsen guga sau ɗaya!

Ɗan Kawo: Batirin ma gwanjo ne ke nan.

Alhaji Mai Laftof: Admin, a ja wa yaron nan kunne. Tun yana yawo da gajeren wando muke sayar da kwamfuta a garin nan.

Baban Hanifa: Jama'a, ni fa tambaya na yi.

Admin: Ya isa haka. Ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda kalmar gwanjo cin fuska ce ga dattawan kasuwa, kada a sake. An kuma gamsu cewa duk wannan wahalar ta OPNsense ba ta da amfani ga gida, ƙaramar na'urar rarraba intanet ta MikroTik ta wadatar, shekara shida nake da tawa ko tari ba ta taɓa yi ba. Na rufe maganar.

Injiniya: Wa ya ambaci MikroTik a nan? Kuma yaushe rabonka da sabunta ta?

Admin: Na ce na rufe.