Neman kalma: me za mu kira WBS da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar horar da masu kula da gini da ƙananan 'yan kwangila a nan Kano, da Hausa zalla, sai aka cije a kan abin da Turawa ke kira Work Breakdown Structure, a taƙaice WBS. Nufinsa a ɗauki babban aiki a yi ta raba shi, babba ya haifi ƙanana, har a kai ga guntun da za a iya miƙa wa mutum ɗaya, a san kuɗinsa, a san kwanakinsa. An kawo "rabon aiki" da "matakan aiki". Wanne ya fi dacewa?

Injiniyan gini: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ba su yi ba. Rabon aiki a kunnen Bahaushe shi ne "wane ɗauki wannan, wance ɗauki wancan", mutane ake raba wa. Matakai kuma jeri ne, ɗaya bayan ɗaya, alhali WBS bai damu da wanne ne farko ba. Tambayarsa ɗaya: me da me ke cikin aikin? Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fito da tsarin, ta mayar da shi ƙa'ida ga 'yan kwangilarta a 1968, don ta san inda kuɗinta ke shiga. Jadawalin lokaci abu ne daban, irin zanen Henry Gantt mai nuna ranar fara kowane aiki da ranar gama shi, kuma bayan an gama wannan ake yin sa.

A ɗauki bene mai hawa ɗaya a Rijiyar Zaki. Rabon farko: 1 takardu, 2 fandisho, 3 gangar jikin gini, 4 rufi, 5 wuta da ruwa, 6 ƙarashe. Sai 3 ta rabu: 3.1 bulo zuwa linta, 3.2 linta, 3.3 dakin, wato rufin kankaren da hawan sama ke zama a kai. Ita ma 3.3 ta rabu: kafa katako, ɗaurin rodi, zuba kankare. A nan ake tsayawa, domin kowanne yana da mai shi: kafinta, mai rodi, birkila da leburorinsa.

Malamar Hausa: To tunda haka ne, Injiniya, ina ganin "gaɓa" ce kalmar. Mahauci ba ya sara ko'ina, gaɓa yake bi, inda ƙashi ya haɗu da ƙashi. Kuma muna cewa "a wannan gaɓar". Sai mu ce "gaɓoɓin aiki", takardar kuma "tsarin gaɓoɓin aiki". Akwai "kasafin aiki", amma kasafi ya riga ya zama na kuɗi, kowa zai ɗauka bajat ake nufi.

Ɗan kwangila: Hajiya, gaɓa ta zauna. Amma guntun ƙarshen nan, wanda suke kira work package, ai muna da sunansa tun kaka da kakanni: jinga. Ka ce wa birkila, ga bangon nan, bulo inci tara guda 400, a kai shi linta, kuɗinka kaza. An san farkonsa, an san ƙarshensa, an san mai shi. Lissafinsa ma a fili yake, tunda kusan bulo 10 ke shiga murabba'in mita ɗaya, to guda 400 bango ne na murabba'in mita 40.

Amfaninsa kuwa babba ne. In ka tambayi mai aiki ina aka kwana, ya ce "saura kaɗan", wannan kaɗan ɗin yana iya cin wata guda. Jinga ba ta da saura kaɗan. Ko an gama a biya, ko ba a gama ba.

Injiniyan gini: Alhaji, na yarda a wurin gini. Sai dai a ƙara ƙa'idoji biyu a takardar, in ba haka ba sunan kawai za a koya.

Ta farko, in aka tara ƙananan gaɓoɓi dole su cika babbar cif, ba ragi ba ƙari. A nan ake faɗuwa. Abin da ba a rubuta ba babu kuɗinsa a lissafi: izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ramin sokawe, kwashe ɓaraguzai, kuɗin dakon rodi daga Ƙofar Ruwa. Haka kuma kada abu ɗaya ya faɗa tsakanin gaɓa biyu. Shimfiɗa bututun waya a cikin dakin na mai wuta ne, amma lokacinsa kafin zuba kankare ne. In aka bar shi ƙarƙashin gaɓa ta 5 aka ce sai an zo wurin, to an zuba, ya daskare, sai fasawa. Haka fasa bango don bututu: in ba a rubuta wa mutum ɗaya ba, mai filasta zai shafe, mai wuta ya zo ya sassaƙe, a biya filasta sau biyu.

Ta biyu, girman guntun. Masu wannan fanni suna da ma'auni na kusa-kusa: kada ya gaza awa 8, kada ya wuce awa 80, wato daga yini ɗaya zuwa kamar mako biyu na aiki. Ya wuce haka, matsala za ta ɓuya a ciki ba a gani ba. Ya gaza, mai kula zai ƙare a cike takarda maimakon duba gini.

Ma'aikaciyar ofis: Ina da ja a kan jinga. Kalmar tana tafe da ciniki da farashi. Ma'aikacin da ke karɓar albashi, aka ce ya haɗa babi na biyu na rahoto zuwa Alhamis, ba jinga yake yi ba. Kuma mun san halin ɗan jinga, sauri yake ya gama ya karɓa. Me zai hana "ƙunshin aiki"? Ya dace da ofis, ya dace da shagon ɗinki ana gab da Sallah, inda yanka, haɗi, aikin wuya da guga kowanne da mai yin sa.

Ɗan kwangila: Gaskiyarki a kan saurin. Shi ya sa ake rubuta sharaɗin karɓa tare da jingar: kankare 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a duba rodi kafin a zuba. Ban da haka buhun siminti ne zai sha wahala.

Malamar Hausa: To a bar su duka biyu: ƙunshin aiki a rubuce ga kowa, jinga inda ake biya a kan guntun. Saura milestone, wato alamar an kai wani muhimmin wuri a aikin. "Zango" nake gani, inda matafiyi ke sauka ya duba kayansa.

Injiniyan gini: Zango ya yi, da sharaɗin a fahimci cewa ba aiki ba ne, alama ce, ba ya cin kwana ko kuɗi: "an zuba dakin" zango ne. Jiran kankare kuwa yana cin kwana ko ba kowa a wurin, ana shayar da shi ruwa, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Wannan a jadawalin lokaci za a sa shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za a rubuta tsarin gaɓoɓin aiki, ƙunshin aiki ko jinga, da zango. "Matakai" za a ajiye wa babin jadawali. A babin jadawalin akwai critical path, jerin ayyukan da in ɗaya ya yi latti duk aikin ya yi latti. Wa ke da kalma?