Wai wace ce Alyssa Valdez ɗin nan da 'yan Filifin ke ta ihu a kanta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin wasanni ku fitar da ni duhu. Ina aikin jinya a Jidda, rabin abokan aikina 'yan Filifin ne, duk ranar hutu sai su haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon ƙwallon raga ta mata, ihu kamar za su tsaga ɗakin, kuma sunan da nake ji kullum Alyssa, Alyssa. Na tambayi ɗaya ta ce min ai sarauniyarsu ce. Ni dai ban taɓa jin Filifin ta ɗau wani kofin duniya ba, to sarautar ta mece ce?

Ɗan Dala a Manila:
Wa alaikumus salam Anti. Ni karatu ya kawo ni nan, kuma da farko ni ma haka na yi ta mamaki. Abin da za ki fara ganewa shi ne a ƙasar nan gasar jami'o'i, wadda suke kira UAAP, ba wasan yara ba ce, kai tsaye ake nuna ta a talabijin, mutum ya gama makaranta da shekara ashirin amma har gobe yana sa rigar makarantarsu ya je kallo. To a can ta yi suna.

'Yar San Juan ce a lardin Batangas, an haife ta 1993, ta yi sakandare a makarantar jami'ar Santo Tomas (UST) sannan ta koma jami'ar Ateneo. Ateneo kuwa da jami'ar La Salle ba sa ga maciji, kamar dai Madrid da Barcelona, kuma a lokacin La Salle ce ke riƙe da kofin shekara uku a jere. A 2014 La Salle ta cinye duk wasanninta 14 na zagayen farko ta wuce fainal ta zauna tana jira, ga kuma garaɓasa, ita wasa biyu kawai take buƙata, duk wadda ta zo sai ta doke ta sau uku. Ateneo da ba ta taɓa cin kofin ba ta taso daga ƙasa, ta fitar da jami'ar Adamson, ta fitar da jami'ar National (NU), ta zo ta doke La Salle sau ukun nan cif, Alyssa ce kyaftin kuma ita ke zuba maki. Kocinsu wani ɗan Tailan ne, Tai Bundit. Shekarar da ta biyo baya wasa 16 suka buga ba wanda ya ci su. Sau uku a jere tana zama gwarzuwar gasar, laƙabinta ma Phenom, wato abar al'ajabi. Waɗannan abokan aikin naki ina kyautata zaton suna 'yan mata lokacin, abin da mutum ya gani da ƙuruciya ai ba ya fita a rai.

Baban Sadiq:
Ɗan Dala ka faɗi gaskiya amma ka bar rabi. Duk wannan fa a cikin gida ne. Rabon matan Filifin da zinaren ƙwallon raga ta cikin zaure a gasar SEA Games, wato wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, tun 1993, shekarar da aka haifi ita Alyssar, Tailan ce ke cin karenta babu babbaka a yankin. Ta je Tailan ɗin ma a 2017 ta buga wa 3BB Nakornnont, ta leƙa Taiwan, ba ta daɗe ba ta dawo. In ƙwarewa ake magana ni Jaja Santiago zan ɗauka, doguwar nan mai kusan mita biyu, tun 2018 take Japan ana damawa da ita har ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa. Farin jini daban, iyawa daban.

Ummi_K:
Haba Baban Sadiq, ai ba a yi haka ba. Na buga raga a sakandare, wanda ya san wasan ya san mace mai tsayin da bai kai mita 1.80 ba ta tsaya a gefen raga tana fasa katangar dogaye ba ƙaramin aiki ba ne, ga karɓar sabis, ga tsaron baya, duk tana yi. Kuma mutum ɗaya ba ya cin kofi, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka.

Ni abin da ya fi burge ni ma ba makin ba ne. Da can yarinya in ta gama jami'a kusan shi ke nan, sai neman aikin ofis. Su Alyssa ne suka ja 'yan kallo daga gasar makaranta zuwa ta kulob, ta shiga Creamline a 2017 (kamfanin askirim ne fa, kar ki yi dariya Maman Ilham, haka kulob ɗinsu suke, sunan kaya), zuwa 2021 gasar kulob-kulob ɗin, wato PVL, ta zama ta ƙwararru ana biyan albashi sosai. Fainal ɗin Disambar 2023 tsakanin Creamline da Choco Mucho mutum sama da dubu 24 ne suka cika babban zauren wasa na Araneta, wasan mata fa, kuma a lokacin ba ta daɗe da dawowa daga ciwon gwiwar da ta ji a ƙarshen 2022 ba. Sau biyu ƙasar tana ba ta tuta ta riƙe a buɗe SEA Games, 2015 a Singafo da 2023 a Kambodiya.

Baban Sadiq:
Tuta kam na yarda, amma tuta ba lambar yabo ba ce. Tagullar da suka samu a gasar AVC ta ƙasashen Asiya a 2024 ma ba da ita aka ci ba, Jia De Guzman ce ta ja yaran.

Ummi_K:
Jiar da ta yi shekaru tana ɗaga wa Alyssa ƙwallo tun daga Ateneo har Creamline? To ai gida ɗaya ne.

Maman Ilham:
Kai na gode, yanzu na gane. Ashe shi ya sa wata a cikinsu kullum take ɓata rai in an ambaci sunan, jiya na tambaye ta, ashe 'yar La Salle ce. Ɗan Dala, wace lamba ce a rigarta in gane ta in sun kunna?

Ɗan Dala a Manila:
Lamba 2 Anti, riga ruwan hoda.